Gimba Mai Karanta Doya

Ranar da aka turo ni ƙaramin ofishin 'yan sanda na Tungan Gawo, abin da na sani game da doya bai wuce a soya ta da ƙwai ba. Ni Sajan Rilwanu, a Gumel aka haife ni, gero da dawa na tashi na gani. Sai ga ni a ƙauyen da ke bayan duwatsun Bosso, tafiyar minti arba'in a babur daga Minna, inda rabin ƙarar da ake kawo mana ta doya ce. Sauran rabin kuma akuya, injin ban ruwa, da shanun da suka faɗa gonar wani. Ofishin ɗaki biyu ne, mu uku ne a ciki, babur ɗaya gare mu, shi ma sai an tura shi yake tashi. Ba mu da kare, ba mu da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Wanda na canja, da zai tafi, abin da ya bar mini kawai shi ne, "In doya ta gagare ka, ka kai wa Gimba."

Na ɗauka wani boka ne, don haka na yi mako uku ina ƙin zuwa. Daga baya son sani ya fi ƙarfina.

A kasuwar doya ta Gwadabe na same shi, cikin Minna, zaune a kan wata tsohuwar taya ƙarƙashin rumfar kwano. Gajere ne, ya haura sittin, kuma ya tara farce a babban yatsansa na dama har ya yi kauri kamar cokali. Banufe ne. Mahaifinsa ya baro Bida zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, ya yi aikin reluwe har ya rasu, ya bar musu gida a Tudun Fulani. Gimba bai bi sawun uban ba. Tun yana shekara goma sha bakwai ya shiga lodin doya a manyan motoci, daga lodi ya koma jera kaya, daga nan ya zama dillali. Yanzu ba ya ɗaukar komai, zama yake yi ana kawo masa.

Ni kuwa da jarrabawa na je. Na sa doya uku a buhu, biyu daga wurare dabam-dabam, ta ukun kuma na ɗauko ta a kicin ɗin matata. Ya ɗauki ta farko, ya kankare ƙasar jikinta da farcen nan, ya murza a yatsu, ya ce jar ƙasar wajen Paiko ce. Ta biyu ya shinshina, ya ɗan taɓa ƙasarta a harshe, ya ce a bakin rafi aka noma ta, kuma mai ita ya yi gaggawar haƙa. Duka biyun haka suke. Da ya zo kan ta ukun sai ya dube ni ta gefen ido.

"Sajan, wannan kam ba ta da ƙara a kan kowa. Ka dai ce wa uwargida ta raba ta da galan ɗin kananzir."

Dillalan da ke wurin suka kwashe da dariya. Na ji haushi, amma tun daga ranar na zama ɗan gida a rumfar nan, ko da ƙara ko babu.

Na sha tambayarsa yadda ya koya, kullum amsar ɗaya ce, wai shi ba a koya masa ba. Mai lodi, in ji shi, ana jefo masa doya ɗaya bayan ɗaya yana cafewa, daga safe har la'asar, kuma kowace sai ta kwanta a tafin hannunsa kafin ya ajiye. Da shekaru suka tura sai ya lura cewa tun kafin ya ɗaga kai yana sanin kayan wane ne ake jefowa. Ƙasa tana faɗar gari. Amma abin da ke faɗar mutum shi ne inda wuƙa ta bi. Wani yana yanka a miƙe, wani a karkace, wani sai ya sara sau biyu, bahago kuma daga nesa ake gane shi. Manomi yana iya canja riga, ya canja mata ma, in ji Gimba, amma yadda ubansa ya riƙe masa hannu a kan wuƙa yana nan har ya mutu.

Abu ɗaya ne ke haɗa ni faɗa da shi. Gimba ba ya faɗar suna. Zai ce maka bahago ne, dogo ne, wuƙarsa tana da gibi a tsakiya, ya koyi noma a wajen Gbagyin arewacin gari, amma daga nan ko za ka kwana kana roƙo ba zai ƙara ba. Sai da muka saba sannan ya gaya mini dalili. Shekaru talatin da suka wuce, lokacin yana jin kansa, aka kawo doyar sata kasuwa, ya duba sau ɗaya ya ce, "Wannan yankan Suleiman ne." Kafin la'asar an karya wa Suleiman hannu. Ashe ƙanensa ne ya yi satar, uba ɗaya ya koya musu, wuƙa ɗaya suke aro. Hannun bai ƙara riƙe fartanya ba. Suleiman yana nan a Shango yana sayar da goro a faranti, kuma duk Juma'a Gimba yana hawa Keke Napep ya je ya gaishe shi.

To, a daminar shekarata ta biyu, cikin watan Agusta, ranar wata Litinin da hantsi, 'yan banga suka shigo ofis da wani mutum ɗaure da igiyar akuya, wani na biye da doya huɗu da rabi a cikin daro. Mutumin Dawuda ne. Na san shi. Shekara biyu kafin nan ya gudo daga wajen Shiroro shi da matarsa Sakinatu da 'ya'ya uku, bayan 'yan bindiga sun ƙone ƙauyensu. Mai unguwa ya ba shi aron ɗaki da ɗan fili, ya shuka masara. Ba shi da gonar doya, kowa ya sani. Shi ya sa da maƙwabciya ta ga ɓawon sabuwar doya a bayan ɗakinsu, labari ya zaga gari kafin tukunya ta tafasa.

Mai ƙara Christopher ne, manomi mai ƙarfi, kuma da bakinsa a cikin 'yan banga. An yi ruwa ranar Lahadi da yamma, washegari da safe ya shiga gonarsa ya ga wasu tulin ƙasar da ake shuka doya a ciki sun lotsa. Ya tona, wayam. Tuli ashirin da huɗu aka kwashe, kuma ranar Lahadin da rana tsaka, lokacin da kusan duk gari ke coci. Dawuda na cikin 'yan tsirarun da ba sa zuwa.

"Oga, ba sai an yi dogon magana ba," in ji Christopher. "Mun ba shi daki, mun ba shi gona, ga godiyan da ya yi."

Na sa Dawuda a bayan kanta, don in na bar shi a hannunsu ban san abin da zan tarar ba. Mai unguwa kuwa ya riga ya yanke nasa hukuncin. Zuwa Alhamis, in 'yan sanda ba su nuna wani ɓarawon ba, Dawuda ya kwashi iyalinsa ya bar gari, masarar da ta fara goyo kuma ta koma ga mai fili. Na ce doka ba ta ce haka ba. Ya ce ai ba doka ce ta ba shi ɗakin ba. Sakinatu ta zauna a ƙofar ofis da goyo, ba ta kuka, tambaya ɗaya take yi wa duk wanda ya wuce, wai ina za su je.

Bayanin da Dawuda ya ba ni shi ya ƙara dagula masa. Ya ce ba shi ya haƙa ba, Baba Zamani ne, mahaifin Christopher. Wai ya fito zai je gonarsa ya hangi tsohon durƙushe cikin doya, gumi sharkaf. Tsohon ya kira shi, ya sa shi kwashe doyar zuwa gindin wata ɗorawa, ya rufe da ciyawa, ya ware biyar ya ce ladan dakonsa ne. Daga nan sai ya tsaya yana waige-waige kamar bai san inda yake ba, Dawuda ya kama hannunsa ya kai shi gida, ya wanke masa hannu da ƙafa saboda taɓo, ya kwantar da shi a tabarma. Muka je gindin ɗorawar, ga doya goma sha tara. 'Yan banga suka ce madalla, ɓarawo ya nuna maɓoyarsa da bakinsa.

Na je na ga Baba Zamani. Ya haura tamanin, ƙafafunsa sun zama kamar kara. Shekara biyu ke nan ba ya gane ɗansa, wani lokaci ƙofar ɗakinsa ma sai an nuna masa. Surukarsa ta rantse a kwance ta bar shi, a kwance ta dawo ta same shi, tsaf da shi. Na durƙusa na ce, "Baba, ka je gona ran Lahadi?" Ya dube ni da kyau, ya tambaye ni ko jirgin Kaduna ya wuce.

Ba zan ɓoye ba, a raina na gama da Dawuda. Na ce yunwa ce ta sa shi, tsoro kuma ya sa ya laƙa wa wanda ba zai iya musu ba, kuma wannan na biyun ya fi satar ɓata mini rai. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Duk satar doyar da na taɓa gani, gona ake bari kaca-kaca, yaɗo a tsinke, rami a buɗe. Wannan kuwa ganyen kore shar yake a kan sandunansa, kamar ba abin da ya faru. Wane irin ɓarawo ne wannan mai ladabi?

Talata na ɗaure daron a bayan babur na nufi Gwadabe. Gimba ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya kai idonsa inda aka yanka, sai na ga ya daina taunar goro. Ya ɗauki ta biyu, ta uku. Bai kankare ba, bai shinshina ba.

"Kan doyar fa, yana ina?"

Na ce ban san doya tana da kai ba. Bai ko yi dariya ba, shi da ba ya barin irin wannan ta wuce shi. Ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce gobe da safe in zo in ɗauke shi. Dillalai suka bi shi da kallo, don an ce rabon Gimba da barin rumfar nan ranar aiki tun rasuwar matarsa.

Laraba muka tafi, yana bayana yana mitar tuƙina tun daga Bosso, wai ko buhun doya ba a yi wa irin wannan jijjigar. Muka isa gona da hantsi, da daron doyar tare da mu. Na sa aka zo da Dawuda da ankwa a hannu, ga Christopher, ga mai unguwa, ga rabin gari. Gimba ya durƙusa gaban tuli ɗaya daga cikin waɗanda aka kwashe, ya yaye ƙasa da hannu a hankali, ya kira ni.

A nan na koyi abin da kowane tsohon manomi a wurin ya sani. Doya ana iya cin ta sau biyu. In damina ta yi tsakiya, sai a buɗe gefen tuli, a yanke doyar daga ƙasan wuyanta, a bar kan da saiwoyinsa manne da yaɗo, a mayar da ƙasa. Kan nan zai sake fitar da ƙanana kafin rani, su ne irin baɗi. Aiki ne mai cin rai, in ka tsinke saiwa biyu uku ka kashe shukar. Gimba ya nuna mini kan, ga shi lafiya lau, ko saiwa ɗaya ba a taɓa ba. An yanka a karkace da sara ɗaya, an ɗan fere gefen don kada ruwa ya kwanta. Har hular ciyawar da ake ɗora wa tuli saboda zafin rana an mayar, an danne ta da hoge. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na bakwai, duk haka.

"Sajan, lokacin da za a yi wa tuli ɗaya wannan, mai sauri ya fizge biyar. Wanda ya shigo nan so yake gonar ta samu iri."

Christopher ya ce dabara ce kawai don kada a gane da wuri. Shi da kansa ya daina wannan wahalar shekara shida, iri saye yake yi. Gimba ya sa na kwance wa Dawuda hannu, aka ba shi wuƙa ya gwada. Ya tsinke saiwoyi, ya tsaga doyar biyu, abin tausayi. Christopher ya ce da gangan ya yi, kuma tsakani da Allah ko ni ne zan iya faɗar haka.

Na ja Gimba gefe. Na ce, "Baba Gimba, ka san hannun nan, na gani a fuskarka tun jiya. Gobe Alhamis. Faɗi suna mu huta."

Ya ce shi ya bar faɗar suna. Raina ya ɓaci, na ce masa tsoron da yake ji saboda hannun mutum ɗaya zai jefa mutum biyar a titi. Maganar ta yi nauyi, na sani, har yau ina jin nauyinta. Ya kalli farcensa, sannan ya ce ko ya faɗa, bakinsa ne kawai a kan bakin mai gona. A kawo tsohon da Dawuda ya ambata.

Christopher ya yi tsalle ya dire. Ya ce ba za a mai da ubansa abin kallo ba, mutumin da ko cokali sai an riƙe masa. Na ga gaskiyarsa, don ni ma ina da tsoho a gida. Amma mai unguwa ya ce gani ya kori ji, a je a zo da shi. Aka kawo shi a babur, wani na riƙe da shi ta baya. Aka sauke shi a bakin gona, ya tsaya yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gane. Aka miƙa masa wuƙa, ya bar ta ta faɗi ƙasa. Wasu suka fara guna-guni. Na dubi Dawuda, ya sunkuyar da kai.

Sai Gimba ya ɗauki wuƙar, ya durƙusa gaban wani tuli mai doya dab da ƙafar tsohon. Ya ture hular ciyawar da ƙafa, ya fara tona daga sama da gaggawa, yana watsa ƙasa, ya kama yaɗon yana ja kamar mai cire ciyawa. Mutumin da ya shekara arba'in yana lallaɓa doya, ga shi yana mata aikin mahaukaci. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji tsawa.

Baba Zamani ne. Ya faɗi wata kalma da Gbagyi wadda ta sa matan wurin rufe baki, ya buge hannun Gimba, ya durƙusa ba tare da kowa ya riƙe shi ba. Ya mayar da ƙasar da aka watsa, ya zagaya gefen tulin, ya sa yatsu ya buɗe. Hannun da ya saki wuƙa ɗazu ya tuna aikinsa. Ya laluba, ya kawar da saiwoyi ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, Gimba ya sa masa wuƙa. Sara ɗaya, a karkace. Ya fere gefen, ya zaro doyar, ya mayar da ƙasa, ya daddanna da tafi, ya ɗora hular ciyawa, ya nemi hoge ya danne.

Gimba ya ɗauki doyar ya kwantar da ita kusa da na cikin daro, wuya da wuya. Ko ni ɗan Gumel na gani. 

Tsohon ya karɓi doyarsa, ya ɗaga kai yana neman wanda zai ba. Christopher ne mafi kusa. Ya miƙa masa, ya yi masa magana da Hausa, yadda yake yi wa baƙi da 'yan ƙwadago.

"Malam, kai wannan gida. Ka gaya wa Christopher lokaci yana wucewa, kada ya bari irin gidanmu ya mutu. Yaron nan ba ya jin magana."

Christopher ya karɓa da hannu biyu. Ƙato da shi, ya tsaya da doya a ƙirji hawaye na zuba, bai ko goge ba. Na tausaya masa ƙwarai, ni da na kwana biyu ina jin haushin bakinsa. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce maganar Alhamis ta mutu. Na cusa ankwata a aljihu, ina jin kunyar abin da na riga na yanke a raina.

A hanyar komawa Minna na tambayi Gimba tun yaushe ya sani. Ya ce tun doyar farko. Shekara talatin yana cafe kayan Zamani a bayan mota, shekara shida kuma bai ga yankan nan ba, har ya ɗauka yankan ya tafi ke nan. Daga nan ko mitar tuƙi bai yi ba, har na sauke shi a Tudun Fulani.

Amma abin da ya fi zauna mini ya faru ne tun kafin mu bar gonar. Da aiki ya ƙare, Baba Zamani ya miƙe, ya soma waige-waigen nan nasa, hannunsa duk taɓo. Mutane da yawa suka matso, ya ja baya yana tsoro. Sai Dawuda, da shatin igiya har yanzu a wuyan hannunsa, ya ratsa su ya ce, "Baba, mu je gida." Tsohon ya ba shi hannu. Christopher ya ɗauki daron doyar ya ɗora a kafaɗa ya bi su a baya, kuma da suka shiga gari bai tsaya da shi a gidansa ba, sai da ya kai ƙofar Sakinatu ya sauke.